Inda Manhaja Za Ta Kwana

Masu rubuta manhajar intanet suna son gardama kan harshe, ko PHP ko Python. A nan Dinder ta Sudan ni dai na fi damuwa da inda manhajar za ta kwana.

Kafin yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, ajiye bayanai a wata na'ura a Khartum ya zama kamar abu mafi hankali: ga kusa, ga biya da fam ɗin Sudan. Sai birnin ya koma fagen fama. A Fabrairun 2024 kuma intanet ta ɗauke a kusan duk ƙasar, har masu dogaro da manhajar banki ta Bankak suka rasa yadda za su taɓa kuɗinsu. Masaukin manhaja a Turai ya tsira daga yaƙin, amma da kuɗin waje ake biyansa, kuma katin da zai karɓa sai an roƙi ɗan'uwa a Saudiyya.

Shi ya sa, in zan haɗa wa manoman riɗi da dawa 'yar manhajar lissafi, PHP zan ɗauka. Ba ya burge kowa, na sani. Amma ko masauki mafi araha yana ɗaukarsa, kuma yaron da ya koya a Sinja ko Mai Wurno zai iya gyarawa in ba na nan. Bayanan kuwa SQLite ya ishe su, tunda fayil ɗaya ne, ana kwafe shi cikin waya duk maraice. Shafukan ma ba hoto, don su buɗe ko sigina na da rauni.