Jitar Kawu

Masu iya magana sun ce kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ni kiwon da ya karɓe ni shi ne kaɗa jita, kuma ba kowace jita ba, wadda ake kira bes, wato mai tsirkiya huɗu masu kauri, wadda sautinta ba ya tsayawa a kunne sai ya sauka ƙirji. A garinmu Mayo Bani, da ke ƙaramar hukumar Mubi ta Arewa, tsofaffi ba su damu da sunanta ba. In dai ba ta cikin kiɗan coci ranar Lahadi, sai su ce yau waƙa ba ta da gindi.

Jitar da na koya da ita ta kawuna ce. Kwance ce, ba ta da wani suna da za a yi alfahari da shi, an dai ƙera ta bisa fasalin wadda Leo Fender ya fito da ita a Amurka a shekarar 1951. Irin wannan fasali yana da wata hikima: wuya daban, gangar jiki daban, sukurori huɗu ne kawai suka haɗa su. A ƙarshen watan Oktoba na 2014, lokacin da 'yan Boko Haram suka shiga Mubi kowa ya yi ta kansa, kawu ya kwance sukurorin nan huɗu, ya cire wuyan da maganaɗisun da ke ɗaukar sauti, ya naɗe su cikin zanin matarsa. Gangar jikin kuwa ya tura ta ƙarƙashin rumbu. Ina da shekara goma sha biyu a lokacin, kuma ban manta yadda mutane suka riƙa yi masa faɗa a hanyar duwatsu ba, wai ana gudun ceton rai shi yana ɗauke da sanda.

Da muka dawo a 2015, gara ta riga ta gama da gangar jikin. Kawu ya ɗauki abin da ya rage ya kai wa wani tsohon kafinta mai yin ƙofofi da kujerun makaranta. Tsohon ya ce, "Ban taɓa yin irin wannan ba, amma in ka zana mini, zan gwada." Suka sami busasshen katakon maɗaci, suka shafe makonni uku suna sassaƙa da gizago, suna gogewa da samfefa. Abin da ya fito ya yi nauyi, gefe ɗaya ya fi ɗaya faɗi, kuma har yau ana ganin sawun gizago a bayansa. Amma ya yi magana. Da ita na koya, ita kuma kawu ya ba ni ranar da zan tafi jami'a.

To, a jami'a ne idona ya buɗe, ko in ce ya rufe. Na shiga ƙungiyar mawaƙan ɗalibai, na ga jitoci masu ƙyalli, wani ma ya tambaye ni cikin raha ko turmi na ɗauko daga gida. Daga ranar na fara ɓoye ta a bayan lasifika. Dare ya yi sai in hau intanet ina kallon jitocin da ake ƙerawa da hannu ɗaya bayan ɗaya. Na san Alembic da aka kafa a Kalifoniya a 1969, waɗanda suka yi fice wajen sa wa jita na'urar gyara sauti mai aiki da batir. Na san Fodera da Vinny Fodera da Joey Lauricella suka kafa a Buruklin ta birnin New York a 1983, inda mai saye yake zaɓen katako da faɗin wuya da yawan tsirkiya, sannan ya jira watanni. Wasu daga cikin jitocinsu sukan wuce dala 10,000, wanda a canjin ƙarshen 2024 ya haura naira miliyan 15. Abin da ya ƙara ɗaure mini kai shi ne, wasu daga cikin katakon da masu wannan sana'a suke yabo, irin su bubinga da wenge, daga dazuzzukan Afirka ta Tsakiya ake sare su, har da na maƙwabciyarmu Kamaru. Kai, hatta dangin maɗacinmu ana yin gangar jita da su. Wato itace ya fita daga bayan gidanmu da araha, ya dawo da kuɗin da ko gonar gado aka sayar ba za a kai ba.

Duk da haka ban haƙura ba. Damina biyu ina noman wake lokacin hutu, na tara naira 280,000. Sai wani abokina ya ce ya ga irin wadda nake mafarki a wani kanti a Kano, da sunan babban kamfani ɓaro-ɓaro a kanta, kuma mai kantin zai bari a 300,000. Hankali ya gaya mini cewa abin miliyoyi ba ya dawowa haka, amma so hana ganin laifi. Na buga wa kawu waya ina rawar jiki.

Bai hana ni ba. Cewa ya yi, "Ɗana, kuɗinka ne, guminka ne. Amma in ka je, kada ka karanta sunan. Ka rataya ta a kafaɗa ka tsaya rabin sa'a. Ka bi wuyan daga sama har ƙasa, gida-gida, ka ji ko akwai inda take zizar ƙudan zuma. Ka kashe lasifika ka kaɗa ta haka nan, in ba ta yi magana ba wuta, to da wuta ma ƙarya za ta yi. Sannan ka tambayi kanka, in ta lalace a Mayo Bani, wa zai gyara?"

Na je, na yi yadda ya ce. Kyau kam ba a magana. Amma daga tsakiyar wuya zuwa ƙasa tsirkiya tana bugun ƙarafan da aka jera, bakunan ƙarafan kuma suna yankar hannu, domin ɗanyen katako aka yi aiki da shi, hunturun Kano ya tsotse shi ya tsuke. Na nemi a ɗaure sandar ƙarfen da ke cikin wuya don miƙar da shi, sai aka tarar tana juyawa a banza. Sunan da ke kanta ma da na kankara da farce sai ya fara tashi. Jabu ce. Mai kantin ya ce, "Samari, a wannan kuɗin me kake so?" Gaskiyarsa. Ni ne na zo sayen suna, shi kuma suna ya sa a kasuwa.

A mota ina komowa na tuna da Richard Bona, ɗan Kamaru da aka haifa a Minta a 1967, wanda Fodera suka ƙera samfurin jita da sunansa. Yana yaro da kansa ya haɗa jitarsa, wayar birkin keke ce tsirkiyarsa. Na kuma tuna da marigayi Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, irin wanda ake haɗawa da gwangwanin kifi da fatar akuya, ya zaga duniya da shi. A ajinmu na waƙar baka mun sha nazarin mawaƙan garaya da gurmi da molo, ban taɓa jin malam ya tambayi nawa aka sayi kayan kiɗansu ba. Sai na ga ashe abin da attajiran Turai suke biyan miliyoyi su samu, wato jitar da wani mutum ya zauna ya sassaƙa domin mutum ɗaya, wadda babu irinta biyu a duniya, ni ina da ita, ina ɓoye ta a bayan lasifika.

Ba zan yaudari mai karatu in ce jitar kawu ta kai Fodera ba. Ba ta kai ba, kuma in Allah ya hore mini wata rana, ba zan ƙi ba. Amma na gane cewa zaɓen kayan kiɗa kamar zaɓen takalmi ne, ƙafa ake tambaya. Tawa ba ta cin batir, ta sha hunturu goma ba ta motsa ba, kuma da sukundireba ɗaya ake kwance ta.

Cikin kuɗin waken na sayi sababbin tsirkiyoyi da maganaɗisu mai kyau da maɗauri mai faɗi saboda nauyinta, sauran na biya kuɗin makaranta. Da na je gida hutun Kirsimeti na kai wa tsohon kafintan ita don ya ji. Idonsa ya yi rauni, sai ya shafa bayanta da tafin hannu har ya kai kan sawun gizagon, ya ce, "Kawo in goge maka wannan, aikin gaggawa ne." Na ce, "A'a Baba, a bar shi haka."

Ɗan'uwa ɗalibi, in ka ji ana kiɗa a dandalin makaranta ka ga wani da jita mai kama da turmi, ni ne. Ka matso ka saurara. Allah ya ba mu zaman lafiya a ƙasarmu, amin.