Sallar Da Inna Ta Ƙirga Kawuna

A da can, idan Sallah ta gabato, lissafin sa bai wuce uku ba: shaddar da ke wajen tela, sabon fim ɗin da za a saki daga Kano, da yawan samarin da za su cika shagon sa na tura finafinai a waya a garin Ƙanƙara. Lafiya kuwa ba ta cikin lissafin, don mai ita ba ya ganin ta.

Daren Juma'a, 11 ga Disamba, 2020, shi ya rusa wannan lissafi. 'Yan bindiga su ka dira Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke garin, su ka kora ɗaruruwan ɗalibai daji. Ƙanen sa na ciki. Kwana shida shagon na rufe, Inna kuma ko ruwa sai an lallashe ta.

A kwanakin ne ya san su wa ya ke da su. Gwaggon sa ta taso daga Faskari, ta biyo hanyar Sheme da kowa ke tsoro, alhali su ma ba su gama zaman makokin mutanen Kadisau da aka kashe a watan Yunin shekarar ba. Abokin sa na Sabuwa, wanda musun wa ya fi iya aktin ne kawai ya haɗa su, ya zagayo ta Dandume da Funtuwa, ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya ce ba inda za shi sai yaro ya dawo.

Ranar 17 ga Disamba aka sako yara 344. A fim, idan ɗan da ya ɓace ya dawo, sai a saki kiɗa, a rungumi juna, a rubuta "Alhamdulillah", shi kenan. To, nan ba haka ba ne. Yaro ya dawo ƙafafu a kumbure, duk ƙaya, ga tari, da dare ya ji ƙarar babur sai ya zabura. Kuɗin da aka tara don shadda a magani su ka ƙare.

Ƙaramar Sallah ta zo ranar 13 ga Mayu, 2021. Kayan bara ya sa guga ya maimaita. Da aka sauko Idi, Inna ta tsaya tsakar gida ta na nuna su ɗaya bayan ɗaya da yatsa.

"Inna, me ki ke ƙirgawa?"

"Ku mana. Kun cika. Sallah ta yi."

Ƙanen ya dube shi ya ce, "Yaya, bana ba ka yi ɗinki ba." Shi kuwa ya dafa kan sa ya ce, "Kai ne ɗinkin." Allah Sarki! Ranar ce aka fara jin dariyar yaron tun dawowar sa.

A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa. Wata da watanni, labarin Gwaggo sai a bakin direba. Nan ya gane ashe "lafiya lau" ɗin da ake faɗa a waya ma arziki ne.

A bangon shagon akwai tsohon hoton marigayi Ahmad S. Nuhu, wanda ya rasu a hatsarin mota ranar 1 ga Janairu, 2007, ana tsakiyar shagalin Babbar Sallah. Shekara da shekaru ya na kallon hoton a matsayin na jarumi kawai. Daga baya ya ke tuna cewa shi ma akwai gidan da aka ƙirga a wannan Sallar, aka ga babu ɗaya.

Tun daga nan, duk ranar Sallah samari sai su yi haƙuri a ƙofar shago. Ba ya buɗewa sai ya gaida Inna, ya kira Faskari, ya kira Sabuwa. Idan kowa ya amsa, sannan ya ɗauko makulli.