Nok na nan bayan gidanmu

Ƴan uwa ɗalibai, duk ƙarshen semesta idan aka zo maganar yawon buɗe ido, Yankari ake ambata, kuɗin mota ya gagara, magana ta mutu. Alhali daga Kafanchan, ka bi hanyar Kwoi, ka shiga ƙasar Jaba, ga ƙauyen Nok nan, wanda sunansa ke cikin littattafan tarihin duniya.

Mu bakwai muka haɗa kuɗi muka je bayan jarrabawa. Wani ɗan ajinmu, ɗan ƙabilar Ham, shi ya yi mana jagora. Muka fara gaida dattawa, sannan muka hau dutse muka shiga koguna. Wallahi sanyin ciki kamar randa, kowa ya rage murya ba tare da an ce masa ba. Daga nan muka sauko ƙaramin gidan tarihin ƙauyen.

A 1928 masu haƙar kuza suka fara tono sassaƙen yumɓu a nan. A 1943 kuma, a yankin Jama'a, wani ma'aikacin kuza ya tsinci wani kai na yumɓu, ya kafa shi a gonar doyarsa a matsayin mutum-mutumi. Bature Bernard Fagg ya gan shi, ya gane ɗan'uwan na Nok ne. Abin da ya haura shekara 2,000 a duniya, yana gadin doya! Fagg ɗin ne ya kafa gidan tarihin Jos a 1952.

Mutanen nan sun noma gero, sun narka ƙarfe. Daga 2005 masana daga jami'ar Frankfurt ta Jamus suka yi shekaru suna tono a yankin, har aka gano ragowar kakin zuma a jikin tukwanensu.

Ga inda abin ke min ciwo. Masu tonon sata sun kwashe da yawa, sun sayar, har wasu suka ɓulla a Louvre ta Faransa a 2000. Kuma duk kan da aka fizgo daga ƙasa ba lissafi, ya tafi ya bar labarinsa a rami, ba mai iya mayar masa.

Na san wani zai ce ai gumaka ne. Malam, ba bauta ta kai mu ba, karatu muka je. Wani kuma zai kawo maganar tsaro, kuma da gaskiyarsa: ku tafi da ɗan gari, ku tambayi labarin hanya, ku dawo da rana tsaka.

Masu neman abin da za su yi binciken digiri a kai, ku duba nan. Ɗan tarihi, ɗan aikin gona, ɗan kimiyyar ƙasa, kowa na da rabonsa. Wa ke son mu sake haɗa mota bayan hutu? Ya yi magana tun yanzu, kujera ba ta da yawa.