Mu Ya Mu: Ina Rabon Yaron da Ke Yankan Riɗi?

To jama'a, tun da mu ya mu ne, babu baƙo a tabarmar nan, bari in fito da abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Yaya, a ƙaro mana jabana, maganar tana da ɗan tsawo. Zancen yaranmu ne na Gadarif, da wannan abin da ake ce wa tallafin matasa, wanda muke yawan jin sunansa a rediyo amma ba kasafai yake shigowa lungunanmu ba.

Kada wani ya ɗauka zan ce ba a taɓa ware kuɗi ba. An ware, kuma ba kaɗan ba. Yarjejeniyar zaman lafiya ta gabashin Sudan da aka sa wa hannu a Asmara a 2006 ta kafa asusun gina gabas, aka yi masa alkawarin dala miliyan 600, domin Kassala da jihar Bahar Maliya da mu nan Gadarif. Babban bankin ƙasa ya daɗe da umartar bankuna su keɓe kashi 12 cikin ɗari na kuɗin da suke bayarwa rance domin masu ƙananan sana'o'i. An buɗe Bankin Iyali a 2008 saboda irin wannan aiki, ga kuma hukumar samar wa masu digiri aikin yi. A 2016 Bankin Raya Afirka ya amince da kusan dala miliyan 29 domin shirin ENABLE Youth, a jihohi biyar har da tamu, da niyyar horar da matasa 2,000 kan noma na kasuwanci, kowannensu kuma ya ɗauki wasu biyar aiki. Ni ban raina wannan ba. Duk yaron da ya samu ya kafa gidan kaji ko lambu ta wannan hanya, Allah Ya sa albarka, ya ƙara masa.

Amma ku duba da kyau ku ga wa aka yi wa ɗinkin. Mai shahadar jami'a, wato takardar digiri, aka auna. Jami'ar Gadarif tana nan tun 1994, tana yaye ɗalibai, kuma muna alfahari da 'ya'yanmu da suka fito daga cikinta. Sai dai Malam, kai da kake koyarwa a makarantar unguwa, gaya mana gaskiya: cikin yaran da suka fara aji ɗaya a hannunka, nawa ne suka kai ƙofar jami'a? Yawancinsu damina ce ke janye su. Uba na bukatar hannu, ko kuma gida na bukatar kuɗin cefane, yaro ya bi mota zuwa mashru'in wani, wato babbar gonar noman inji, daga nan sai labari.

Wanda bai taɓa ganin yankan riɗi ba, ba zai gane abin da nake nufi ba. A watan Oktoba riɗi ba ya jiran kowa. Da ganye ya yi rawaya ya fara zuba, kwanaki kaɗan ne suka rage kafin kwanso ya buɗe baki ya zubar da arzikin shekara a cikin tsagar ƙasa. Sai ka ga yara sun duƙa tun kafin alfijir, lauje a hannu, suna yanka suna ɗaurewa, suna jingina dami da dami a tsaye domin ya bushe. Da dare in akwai farin wata a ci gaba. Ba a biyan su da yini, da hilla ake lissafi, wato yawan tarin da mutum ya tsayar, saboda haka mai ciwon baya ma ba ya yarda ya miƙe. Abincin sansani tuwon dawa ne da miyar busasshiyar kuɓewa da ɗan busasshen kifi, ruwan sha kuma na hafiri, wato tafkin da aka haƙa, wanda dabba ma ta sha. Ga maciji, ga kunama a ƙarƙashin dami. Waɗannan su ake kira jango, su ne Abdul'aziz Baraka Sakin ya rubuta littafi guda a kansu. Wata biyu zuwa uku na aiki, a haɗa da yankan dawa, sai a dawo gari da kuɗin da ba ya kai wa tsakiyar rani.

Wannan yaron ya fi kowa sanin baƙar ƙasar nan. Yana iya duban gajimare ta wajen Habasha ya ce maka ruwan na yau ne ko na jibi. Amma duk tsarin tallafin ba shi da gurbin da za a rubuta sunansa.

Asalin abin ma tsoho ne. Tun da Turawan Ingila suka fara noman inji a Gadambaliya a tsakiyar shekarun 1940, sannan aka kafa hukumar noman inji a 1968, an yanka ƙasar ne manya-manya, faddan dubu ko fiye ga mutum ɗaya, kuma faddan guda ya ɗan ɗara eka. Wanda ya samu mashru'i shi ke da takardar da banki ke karɓa. Kakanninmu da suka taso daga Kano da Sakkwato da Katsina da Damagaram a kan hanyar hajji, da waɗanda suka biyo Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, da yawansu da ƙarfinsu suka shiga noman ƙasar nan, ba da takardar fili ba. Akwai namu da suka yi arziki suka mallaki gonaki da motoci, alhamdu lillahi, Alhaji ga ka nan zaune. Amma mafi yawa bildat ne gare su, 'yar gonar bayan gari wadda banki ba ya kallo.

Alhaji, na ga kana gyara zama, na san abin da za ka ce: ai rancen ƙananan sana'a ba ya neman fili. Haka ne a rubuce. To amma yana neman lambar ɗan ƙasa, yana neman wanda zai tsaya wa yaro, yana neman cak. A nan ne nake so mu rage murya, don maganar ta cikin gida ce.

Lambar ɗan ƙasa tukuna. Mun san gidajen da aka haifi kaka a nan, aka haifi uba a nan, amma in yaro ya je neman takarda sai a yi ta juya shi, kawo wannan, kawo wancan, kawo dangin uba su yi shaida. Manyanmu ba su manta da 2008 ba, lokacin da wata jarida ta jingina wa Umar al-Bashir maganar da ta taɓa zamanmu 'yan ƙasa, jama'a suka cika titunan Gadarif, daga baya aka musanta maganar. Irin wannan tabo yana sa wasu iyaye su guji ofis gaba ɗaya. Ni kuwa ina ganin gudun nan shi ya fi cutar da mu. Yaron da ba shi da lamba ba zai buɗe asusu ba, ko Bankak na tura kuɗi ta waya ba zai yi da sunansa ba, a zamanin da mai shayi ma da waya ake biyanta.

Sai cak. Kowa a garin nan ya san kalmomin nan na kotu, yabƙa li hinis sadad: a tsare mutum har sai ya biya. Sashe na 179 na dokar laifuffuka ta 1991 ya mai da cak ɗin da ya dawo babu kuɗi laifi. Mun ga manyan manoma, masu tarakta da ma'aikata, sun kwana a kurkuku saboda ruwa ya ɗauke a watan Satumba. Ɗan ƙanwata ya taɓa zuwa mini da takardun wani banki, an yarda za a saya masa raksha, wato babur mai ƙafa uku, ya riƙa biya wata-wata. Murna yake yi har kunne. Uwarsa ce ta ce sam, ba da sa hannunta ba, kuma ban ga laifinta ba. Tambayarta ɗaya ce: in raksha ta lalace wata biyu, wa za a kama, shi ko kawunsa da ya tsaya masa? Babu wanda ya iya ba ta amsar da za ta kwantar mata da hankali. Rancen da zai iya ƙarewa a gidan yari, talaka mai hankali tsoronsa yake yi, kuma tsoron nan ba jahilci ba ne.

Ko wanda ya tsallake duk wannan, lokaci yana iya kayar da shi. Shuka a nan ta watan Yuli ce. Kuɗin noma da ya fito a watan Agusta ya zama kuɗin cefane, domin ƙasar nan in ta sha ruwa ta zama laka, tarakta ba ta shiga. Ga faɗuwar fam: a 2021 hauhawar farashi ta haura kashi 300 cikin ɗari, abin da aka rubuta wa yaro a takarda da rani, kafin ya iso hannunsa ba ya sayen rabin abin da aka yi lissafi.

Daga nan kuma kun san abin da ya biyo baya. Bayan juyin mulkin 25 ga Oktoba 2021 masu ba da agaji suka janye hannu, shirin Samarat mai ba kowane mutum kimanin dala 5 a wata ya tsaya. Yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023. Da Wad Madani ta faɗi a Disamban 2023, sannan Sinja a tsakiyar 2024, dubban ɗaruruwan mutane suka kwararo Gadarif, makarantu suka zama masauki, ga kwalara, ga 'yan gudun hijirar Tigray da suke Um Rakuba tun 2020. Aikin da yaro ɗaya yake nema, yanzu biyar ke nemansa. Wasu sun tafi ramukan zinariya, wasu sun kama hanyar Libiya, wasu kuwa an miƙa musu bindiga. Wannan na ƙarshen shi ke hana ni barci, domin ita bindiga ba ta tambayar shahada, ba ta tambayar wanda zai tsaya maka.

Duk da haka, a cikin wannan ƙunci ne na ga abin da ya ƙara mini yarda da yaran nan. Su suka buɗe takaya, wato wuraren dafa abincin sadaka, suka ɗora manyan tukwane na wake da adas, suka bi gida-gida suna karɓar mudun dawa, suka rubuta sunan kowane iyali da ya sauka a makaranta, suka san wace mata ce ke da ciki, wane tsoho ne ke bukatar maganin sukari. Kuɗi ya shigo ta waya daga 'yan uwa a Saudiyya, suka kashe, suka karanta lissafi a gaban jama'a. Babu wanda ya ba su horo, babu wanda ya biya su. Wanda ya riƙe amanar tukunyar mutum ɗari biyar, ni ban ga dalilin da zai sa a ce ba za a amince masa da injin matsar mai ba.

Injin matsar man nan kuwa ba da wasa na ambace shi ba. Farin riɗin Gadarif ana nemansa har Sin da Turkiyya da ƙasashen Larabawa, amma yawancinsa a buhu yake fita daga kasuwar amfanin gona zuwa Port Sudan, ɗanye kamar yadda aka kakkaɓe shi. Yara biyar da ƙaramin inji za su matse mai su sayar a unguwa, tunkuzar kuma masu dabbobin Butana su saye. Dubban taraktoci da diski da injinan girbi da ke jihar nan duk suna bukatar direba da makaniki da mai walda, kuma a tsakiyar damina mai gona zai biya ko nawa ne ga wanda zai tayar masa da tarakta a daji. Horon wata shida a hannun ƙwararren usta, da akwatin kayan aiki a ƙarshe, ya fi taron bita goma a otal. Haka 'yan matanmu masu godogodo da gyaɗa da shayi, da samarin da ke gasa agashe har aka san mu da shi a duk Sudan: firji mai aiki da hasken rana da rumfa mai izini, wadda ba za a zo a rushe ba, su ne jarinsu.

Abin da nake so gwamnatin jiha ta yi ba ya bukatar jiran dala daga waje. Diwanin zakka yana karɓar rabonsa daga dawa da riɗin da yaran nan suka yanka da hannunsu, kuma dama yana da tsarin ba mabukata kayan sana'a. A faɗaɗa shi, a sa matasa marasa shahada a gaba. A keɓe fili daga gonakin gwamnati a ba ƙungiyoyin samari haya, faddan hamsin ko ɗari, da tarakta ta haya a kan lokaci. A karɓi lamunin ƙungiya, ko na limami da mai unguwa, a madadin cak, a kuma haɗa rancen da inshorar noma domin shekarar fari kada ta kai yaro kurkuku. Sannan a lika sunayen waɗanda suka amfana a bango, kowa ya gani. In an yi a ɓoye, ko an yi adalci ba za a yarda ba.

Mu ma da sauran aiki a kanmu. Iyayenmu mata sun riƙe adashi shekara da shekaru babu takarda babu kotu, kuma ba a cika jin an ci kuɗin wata ba. Gayya ma ba baƙuwarmu ba ce. Ofis ba ya sauraron mutum ɗaya, amma yana sauraron ƙungiya mai rajista da hatimi da asusu. Malam, kai ka iya rubutun Larabci na ofis, ka riƙe mana takardu. Alhaji, kana da gareji da tarakta biyu, yara uku ba za su yi maka nauyi ba. Yaya, ke kika san gidajen da 'yan mata suka bar makaranta. Ni zan ɗauki zirga-zirgar lambar ɗan ƙasa, duk yaron da ba shi da ita a turo mini shi da ubansa ko baffansa.

Mu fara rubuta sunaye daga ranar Juma'ar nan bayan sallah, domin takardunmu su isa ofis tun watan Afrilu, kafin ruwan farko ya sauka.