Idon Abba

Yayata ta kwana biyu a kan gwiwa kafin ta haifi Abba, kuma da ya fito bai yi kuka ba. Likitoci suka ce iska ta yanke wa ƙwaƙwalwarsa na ɗan lokaci. Shi ne ɗanta na fari, sunan mahaifinmu kuma ya ci, shi ya sa ba mai kama sunansa na yanka a gidanmu. Ya kai shekara tara bai taɓa furta kalma ba. Hannuwansa fizga suke yi ba da son ransa ba, wuyansa ba ya tsayawa. Matan unguwa in sun shigo sai su tsaya a kansa suna "Allah sarki, bai san inda yake ba," wasu ma har su rage murya su ce ɗan ruwa ne. Ni kuwa na sha ganinsa yana ƙyalƙyala dariya daidai inda abin dariyar yake, kafin ma manya su yi.

A 2018 ina karatu a Kolon, a Jamus. A watan Maris na shekarar Stephen Hawking ya rasu, gidajen talabijin suka yi ta nuna yadda yake motsa kumatu na'ura ta yi magana a madadinsa. Duk lokacin da na ga hoton sai Abba ya faɗo mini a rai. Wata abokiyar karatuna mai aiki da yara masu buƙata ta musamman ta ce in dai da gaske nake, in jira Satumba in je REHACARE, bajekolin kayan taimaka wa naƙasassu da ake yi a Dusseldorf tun 1977. Tafiyar kusan rabin awa ce a jirgin ƙasa.

Tun a tasha na gane na zo wata duniya. Kekunan guragu iri-iri, makafi da karnukansu na jagora, kurame suna ta hira da hannu daga wannan ƙarshen tarago zuwa wancan, kamar yadda na saba gani wajen Tudun Maliki a Kano. A cikin zauren bajekolin na wuce motoci da gadaje da ƙafafun roba ban tsaya ba, har na iso layin masu kayan magana. Jamusawa suna kiran na'urar da sunan da ke nufin "mai magana" kawai.

A wata rumfa na tarar da wata budurwa a keke, an ɗaure mata allon kwamfuta a gabanta da sandar ƙarfe. Jikinta na fizga irin na Abba sak. Na juya wajen matar da ke tsaye a gefenta na fara tambayar yadda abin yake aiki. Matar ta nuna mini budurwar da hannu, ta ce ita zan tambaya. Na ji nauyi ƙwarai, domin abin da nake ƙi a wajen matan unguwarmu shi na yi. Na durƙusa daidai fuskarta na maimaita tambayar. Idanunta suka fara yawo a allon. Shiru ya yi tsawo, harshena yana ƙaiƙayin ƙarasa mata maganar, na danne. Can sai muryar mace ta fito daga na'urar da Jamusanci, ta ce in zauna in gwada da kaina.

Na zauna. A ƙasan allon akwai 'yar sanda mai fitar da wani haske da ido ba ya gani. Hasken yana dukan ƙwayar ido ya dawo, kyamara ta ɗauka, kwamfuta ta lissafa inda mutum yake kallo. Da farko aka sa na bi wani ɗigo da ido daga kusurwa zuwa kusurwa don na'urar ta san idona. Daga nan in na tsayar da kallo a kan hoto kamar daƙiƙa ɗaya, sai hoton ya yi magana. Kafin minti biyar idona ya cika da ƙwalla don gajiya. Ita kuwa wannan baiwar Allah da haka take yini tana hira, tana rubuta saƙo, tana musu da mutane.

Sai na yi tambayoyin da suka kawo ni. Kuɗin na'urar dubban Yuro ne, amma a Jamus inshorar lafiya ce ke biya in likita ya rubuta. Hasken rana mai ƙarfi yana rikita ta, Abba kuwa a tsakar gida yake yini. Tana son caji kullum, mu kuma mun san halin wutarmu. Mai rumfar ya buɗe mini jerin harsunan da na'urar ke iya furtawa, na bi shi daga sama har ƙasa sau biyu, babu Hausa. Na yi ƙoƙarin bayyana masa cewa ko an sa mata haruffanmu masu lanƙwasa da sauran aiki, domin "gari" da ake zama a ciki da "gari" na tuwo rubutunsu ɗaya, baki ne ke raba su. Ya saurara da ladabi, ya ba ni katinsa. Na fito waje na zauna a kan wani benci, zuciyata kamar an ɗora mata dutse. An nuna mini cewa maganar Abba tana nan a cikinsa, an kuma nuna mini tsawon tazarar da ke tsakaninsa da ita.

Da la'asar na koma ciki, na faɗa wani ɗan zaure inda wata malamar gyaran magana ke yi wa iyaye bayani. Ba ta da na'ura ko ɗaya. Abin da ke hannunta farantin roba ne garai-garai mai kusurwa huɗu, an huda taga a tsakiya, an manna hotuna a gefe-gefe. Ta zauna gaba da gaba da wani yaro, ta ɗaga farantin a tsakaninsu, tana leƙen idonsa ta tagar. Inda ya kai ido, nan ta faɗi sunan hoton, ya tabbatar mata. Ta ce hotunan da take amfani da su wata mai zane ce, Annette Kitzinger, ta fara yi wa 'yarta Meta, har suka bazu da sunan METACOM. Ta kuma ce gwamnatin yankin Aragon a Sifaniya ta zuba dubban irin waɗannan hotuna a intanet kyauta da sunan ARASAAC. Bayan taron na ba ta labarin Abba. Ta ce kada in ɗauki hoton burodin Jamus in kai wa yaron da bai taɓa ganinsa ba, in ɗauki hoton abin da ke gidansu. Ta ce in fara da huɗu, kuma bayan kowace tambaya a ƙirga goma a zuci kafin a sake buɗe baki.

A Disamba na iso Kano cikin hunturu. Wani mai yankan gilashi a Sabon Gari ya yanka mini robar ya huda tagar, yana ta tambayar ko madubi zan haɗa. Na ɗauki hoton kofin koko na Abba da wayata, da buta, da rediyon gidan, da ƙofar zaure, aka wanke mini su aka lulluɓe da leda.

Inda ban yi zato ba nan gizo ya yi saƙa. Yaya ta ƙi zama. Ita ce ke yi masa wanka, ke ɗaukarsa, ke kwana ba barci in ya yi zazzaɓi, amma kunyar ɗan fari ba ta barinta ta tsura masa ido a gaban mutane.

"Auta, ka ba ƙanwarsa mana ta riƙe," ta ce tana gyara mayafi.

"Yaya, ke ya fi sani. Don Allah ki daure."

Sai da Hajiyarmu ta kori kowa daga ɗakin, ta saki labule, sannan Yaya ta zauna a bakin katifar ta ɗaga farantin. Hannunta na rawa. Na jingina Abba da ƙirjina na tallafe masa kai. Ta tambaye shi me yake so, da muryar da ban taɓa jin ta yi masa ba. Na fara ƙirgawa a zuci. Duk mun ɗauka koko zai kalla, don lokacin karin kumallo ne. A ƙirga ta bakwai idonsa ya gangara ƙasa ta hagu ya tsaya cak.

"Zaure?" in ji Yaya. "Waje kake so?"

Jikinsa gaba ɗaya ya miƙe, ya yi wata ƙara. Na ce a sauya wa hotunan wuri don mu tabbatar. Aka mayar da ƙofar zauren sama ta dama. Ya neme ta, ya same ta, ya kafa mata ido.

Yaya ta ajiye farantin, ta juya fuska ga bango na ɗan lokaci. Sannan ta tashi ta ɗauko masa rigar sanyi da hula, ta ce in shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ta wajen da rana ke bugawa. 'Yan makarantar allo suna wucewa a lokacin, biyu daga cikinsu suka tsaya suna tambayar mene ne wannan gilashin, Abba yana bin su da ido ɗaya bayan ɗaya.