Ruwan Tiga Da Tukunyar Uwargida

In Allah Ya sa kika bi hanyar Zariya daga Kano a tsakiyar rani, kar ki yi gyangyaɗi a mota. Da kun doshi Kura za ki ga ikon Allah: ko'ina ya bushe ƙayau, amma nan kore shar. Ga shinkafa, ga alkama, ga tumatir da albasa, ruwa na tafiya a magudanai har gonakin Bunkure da Garun Malam. Da can an san Kura da rini, har ake cewa rawani ɗan Kura. Yau buhun shinkafa ya fi yawa a bakin titinta.

Wannan ruwa daga madatsar Tiga yake, wadda aka gina zamanin Gwamna Audu Bako, aka kammala a 1974. Ba inji ke turo shi ba, gangarowa yake yi da kansa. Hukumar Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da shi. Ni dai duk sanda na ga wannan aiki sai na tuna Zubaida, matar Halifa Haruna Rashid, wadda ta sa aka jawo wa alhazai ruwa a Makka. Shugaba ya tafi, ruwa na ta gudu.

To me ya haɗa ki da wannan, ke da kike Fagge ko Kurna? Tumatir ɗin da ake lodi a Kwanar Gafan shi ake saukewa a 'Yankaba, shi ne a miyarki. A 2016 da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki, kin tuna yadda kuɗin cefane ya gagara, gidaje da dama suka koma busasshen tumatir da na gwangwani. Haka kuma saurayin da ya sami aikin dashe ko yankan shinkafa a garinsu ba zai taho birni cirani ya kwana a tasha ba. Ki leƙa gidajen Kura ki ga mata na turara shinkafa a manyan tukwane, su shanya, a kai inji. Da wannan sana'a wasu ke biyan kuɗin makaranta, har su yi wa 'ya mace kayan ɗaki.

Sai dai gina madatsa daban, riƙonta daban. Shekaru da dama aka yi sakaci, laka ta cika magudanai, kacala ta toshe su. Wanda gonarsa ke kusa da bakin ruwa ya sha ya ƙoshi, na can ƙarshe kuwa sai ya sayi injin ban-ruwa da fetur, ko ya haƙura. Talaka ne ke fara haƙura, kuma shi ne za ki gani gobe yana tura baro a Sabon Gari. A 2014 Bankin Duniya ya amince da shirin TRIMING, wanda ya haɗa da gyaran waɗannan magudanai da ƙarfafa ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwa, domin su riƙa tara kuɗin ruwa suna yashe nasu da kansu. A ganina wannan na biyun ya fi siminti muhimmanci, muddin za a riƙe amanar abin da aka tara.

Akwai kuma kukan kasuwa. Kamfanin Dangote ya buɗe masana'antar sarrafa tumatir a Kadawa a 2016, amma ta sha tsayawa saboda ƙarancin kaya da saɓani kan farashi. Lokacin da tumatir ya yi yawa kuwa, kwanduna na ruɓewa a bakin hanya, mata na yankawa suna shanyawa a ƙasa don kar a yi asara duka.

In za ki je, ki sa lokacin sanyi, tsakanin Janairu da Maris, ki tafi da yara su ga inda tuwonsu ke fitowa. Ki riƙe buhu ko biyu a bayan mota, kuma ki taya da kyau, don mutanen Kura sun iya ciniki.