Kafin a ce maka boila ta mutu, a fara duba bawul

Jama'a, sanyi ya shigo Ingila, kuma na san akwai 'yan uwa da dama da suka iso karatu ko aiki a watan Satumba, wannan ne hunturunsu na farko. Maganar kuɗin gas kowa ya ji ta. Tun 2022 da gwamnati ta tsayar da kuɗin wuta da gas na matsakaicin gida a kan fam 2,500 a shekara, farashi bai koma yadda yake a da ba. Sai ga mutum yana biyan kuɗin nan, yara kuma suna kwana da rigar sanyi saboda wani ɗan ƙarfe da bai wuce tafin hannu ba.

Ina magana ne a kan gidajen da ke da tankin ruwan zafi. Boila ce ke dafa ruwa, inji ya tura shi cikin bututu zuwa wuri biyu: tankin ruwan wanka, da lagireton da ke jikin bangon ɗakuna. Abin da ke raba hanya shi ne bawul mai ɗan injin lantarki a kansa, yawanci yana kusa da tankin. Wasu gidajen biyu ne, wasu ɗaya ne mai baki uku. A masu biyun, idan ka kunna ɗumi, injin ne zai buɗe bawul, sai ya danna wani ɗan makunni a cikinsa, makunnin nan ne ke ba boila umarnin ta tashi. To ka ga idan injin ya ƙone, boila lafiyarta ƙalau amma ba za ta motsa ba.

Shekarata ta uku ke nan a nan, na ɗauko hutun karatu daga wurin aiki. A Janairun bara abin ya same mu: ruwan wanka da zafi, ɗakuna kuwa kamar firji, ga ƙaramin ɗana da asma. Wanda aka fara kira ta waya, ko gidan bai taka ba ya ce sai an canza boila. Mai gidan da ya ji kuɗin sai ya fara jan ƙafa. Wani dattijo maƙwabcinmu, tsohon mai gyaran famfo, shi ya shigo, cikin minti biyar ya nuna mini inda matsalar take.

Ga abin da ya koya mini. A gefen bawul akwai ɗan hannu da ake turawa. Kunna ɗumi, ka ƙara na'urar saita zafi har ƙarshe, sannan ka taɓa hannun. Idan ya yi sako-sako, bawul ya buɗe da kansa. In har boila ba ta tashi ba, a tuhumi makunnin. Idan kuwa ka ji sifirin yana turo ka baya, bawul bai buɗe ba, wataƙila injin ya mutu ko ƙarfen ciki ya cije. Taɓa bututun a hankali: kafin bawul da zafi, bayansa da sanyi, shi ma shaida ne. Akwai kuma akasin haka: ka kashe ɗumi amma lagireto na ta zafi, ko boila ta ƙi mutuwa cikin dare. Wannan shi ke cinye kuɗi ba ka sani ba.

A daren nan ya tura hannun ya maƙale shi a buɗe, muka kunna ruwan wanka, boila ta tashi, ɗumi ya shiga ɗakuna. Dabara ce ta kwana ɗaya ko biyu, ba gyara ba. Da ma'aikaci ya zo, kan bawul kawai ya canza, ko ruwan bututu bai zubar ba.

Amma don Allah a tsaya a kan dubawa. Wayoyin ciki wuta ce mai ƙarfin 230, boila kuwa doka ta ce sai wanda ke da rajistar Gas Safe zai buɗe ta. Idan gidanka babu tanki, bawul ɗinka yana cikin boilar ne, kar ka taɓa.

Mai haya kuma ya san haƙƙinsa. Sashe na 11 na dokar masu gida da 'yan haya ta 1985 ya ɗora gyaran ɗumi da ruwan zafi a kan mai gida. Mu da kunya da kawaici sai mu yi ta haƙuri, alhali hukumomin lafiya na nan sun ce kar ɗaki ya gaza digiri 18, musamman inda akwai tsofaffi ko marasa lafiya. Ka kai rahoto a rubuce, da rana da lokaci, ka faɗi ainihin abin da ka gani a bawul ɗin. Mu ma'aikata ai mun san bambancin maganar baki da takardar da ta shiga fayil.

Wanda ke da ɗan uwa sabon zuwa ya tura masa. Allah Ya fitar da mu hunturun nan lafiya.